Allurar turbo da lodin inji: abin da ya kamata mai mota ya sani kafin a ƙara mata ƙarfi

A cikin ƴan shekarun nan motoci masu turbo sun yawaita a kan hanyoyinmu. Hilux ɗin da ɗan kasuwa ke kai kaya da ita kasuwannin ƙauye, da ƙaramar motar da ma'aikacin gwamnati ya yi shekaru yana tari kafin ya saye ta daga cikin waɗanda suka shigo ta Kwatanu ko Lome, da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wannan na'ura a jikin injinsu. Tare da su kuma wata sabuwar sana'a ta bayyana a garejoji, watau ta masu jona kwamfuta a jikin mota, su canza umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, su ce sun ƙara mata ƙarfi. Shaidar da galibi ake nuna wa mai mota ita ce allurar matsin turbo: da a nan take tsayawa, yanzu ga ta ta haura can. Mai mota ya taka totur, ya ji mota ta zabura, ya biya kuɗi ya tafi yana murna.

Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, allurar nan rabin labari take bayarwa. Sauran rabin yana cikin wani adadi da ake kira lodin inji, wanda ba ya bayyana a gaban direba sai an jona na'urar bincike. Wanda ya iya karanta adadin nan biyu tare, shi ne zai san ko injinsa na cikin lafiya, ko kuwa ana rage masa kwana ne a hankali. Tun da yake inji yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin mota, kuma kwanciyarta mako biyu a gareji asara ce babba ga mai neman abinci da ita, ya dace mu duba wannan al'amari a tsanake.

Inji da iska yake aiki

Mutane da yawa sun ɗauka mai kaɗai ke ba mota ƙarfi. A haƙiƙa mai ba ya ƙonewa sai da iska, kuma yawan iskar da ta shiga shi ke yanke yawan man da za a iya ƙonawa. Injin isansi yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska domin ya ƙone giram 1 na mai ƙurmus. Zuba ƙarin mai abu ne mai sauƙi, wuyar aikin ita ce samar masa da iskar da za ta ƙone shi. Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙar iska, gwargwadon girman silindojinsa, ba ya iya wuce nan. Turbo kuwa farfela biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin inji da ƙarfi. Sandar tana iya juyawa fiye da sau dubu 150 a minti ɗaya. Don kada matsin ya wuce iyaka, akwai wata ƙaramar ƙofa da ke buɗewa ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙin ya wuce ba tare da ya taɓa farfela ba. Wasu injinan gazuwal na zamani suna amfani da ƴan fikafikai masu motsi a maimakon ƙofar. Ƙara matsi, a taƙaice, shi ne a jinkirta buɗewar ƙofar nan ko a sake saita fikafikan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistarta a 1905, kuma manyan injinan jiragen ruwa da na sama suka fara cin moriyarta. Sai a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da ƙananan motoci biyu masu turbo, Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Ita Jetfire sai an riƙa fesa mata ruwa gauraye da wani sinadari a cikin iskar da take shaƙa domin kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa, kuma shekara biyu kaɗai ta yi a kasuwa. A ɓangaren gazuwal, Mercedes ta fitar da 300 SD a 1978, Peugeot kuma ta biyo da 604 mai turbo a 1979. Tun daga wancan zamani matsalar injiniyoyi guda ce: danna iska ba shi da wuya, sanin iyakar abin da inji zai ɗauka shi ne aikin.

Abin da allura ke faɗi

Ana auna matsi da ma'auni iri uku. Faransawa da sauran Turawa suna amfani da wanda ake kira bar, na'urorin bincike suna nuna kilopaskal, Amurkawa kuma suna da psi. Bar 1 daidai yake da kilopaskal 100, ko psi 14.5. Iskar duniya da muke shaƙa ita ma tana da matsinta, wanda a bakin teku ya kai kilopaskal 101.3, kuma yana raguwa idan ƙasa ta yi tudu.

A nan ne ruɗani na farko yake. Allurar da ake liƙawa a gaban direba tana fara ƙirga ne daga matsin iskar duniya, watau abin da turbo ya ƙara kaɗai take nunawa. Ma'aunin da ke jikin bututun shigar iska kuwa, wanda kwamfutar mota ke karantawa, daga sifiri yake farawa, yana haɗa matsin duniya da na turbo. Saboda haka idan na'urar bincike ta nuna 200, allura 1 za ta nuna, ba 2 ba. Wanda bai san wannan ba yana iya tsorata da mota lafiyayyiya, ko kuma a nuna masa adadin na'ura a ce masa an ninka masa matsi alhali ba a taɓa kome ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya nema a yi a gabansa. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a duba abin da ma'aunin ke faɗi. Ya kamata ya nuna matsin iskar wurin. A garuruwanmu, daga Yamai da ke kan tudun da ya ɗan wuce mita 200 har zuwa Agadas da ta kai kimanin mita 500, adadin yana tsakanin kilopaskal 95 da 99. Idan ya kauce wa wannan da nisa, to ma'aunin ne ke ƙarya, kuma duk wani saiti da aka gina a kansa ya karkace tun daga tushe. Haka kuma ya kamata a sani, layin da yawancin ƙananan na'urori ke karanta matsi da shi ba ya wuce 255. Idan adadin ya kai nan ya tsaya cak, ba lallai matsin ne ya tsaya ba, na'urar ce ta kai ƙarshen ƙirgarta.

Mene ne lodin inji?

Lodin da ake nufi a nan ba kayan da aka ɗora a bayan mota ba ne, ko da yake suna da alaƙa. Lodin inji shi ne nauyin iskar da ke shiga silinda a kowane zuƙa. Ɗan kasuwar hatsi ya san bambancin buhun da aka danna har ya yi tauri da buhun da aka ɗora a kan sikeli. Tauri yana nuna an matsa, amma sikeli ne ke faɗin abin da ke ciki. Allurar turbo taurin buhu take nunawa, lodi kuwa shi ne sikeli.

Ana karanta shi ta wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, bisa tsarin da ake kira OBD-II. An wajabta tsarin a kan motocin Amurka tun daga 1996, a Tarayyar Turai kuma a kan dukan sababbin motocin isansi daga 2001, na gazuwal daga 2004. Ita ce kafar da makaniki ke jona akwatin bincikensa a ciki. Ƙa'idar da ke tsara waɗannan adadi, SAE J1979, ta tanadi lodi iri biyu, kuma rashin rarrabe su shi ne ruɗani na biyu.

Na farko shi ne lodin lissafi. Yana nuna kashi nawa cikin ɗari na iyakar ƙarfinsa inji ke bayarwa a wannan juyi, kuma ba ya wuce 100. Idan aka taka totur har ƙasa zai kai 100 ko kusa da haka, ko mota na da turbo ko babu, ko da zafi ko da sanyi. Don haka ba ya gaya wa mai saiti yawan iskar da ta shiga. Na biyu shi ne cikakken lodi. Shi yana gwada nauyin iskar da ta shiga da nauyin da silinda za ta ɗauka idan ta cika da iskar bakin teku mai zafin digiri 25, wadda kowace lita tata ke da nauyin giram 1.184. Injin da ba shi da turbo galibi ba ya kai 100 a wannan ma'auni, mai turbo kuwa yana wuce 100 hankali kwance, ya kai 150 ko 200. Ganin 180 a wannan layi ba alamar lalacewa ba ce. Ƙa'idar ba ta wajabta wa motocin gazuwal nuna wannan lodi na biyu ba, don haka a cikinsu akan duba nauyin iskar da ma'aunin bakin matata ke ƙirgawa, tare da yawan man da ake fesawa a kowane bugu.

Wasu kamfanoni suna da nasu salon ƙirga. A motocin Subaru, alal misali, masu saiti suna karanta lodi da giram a kowane juyi. Lissafinsa ba wuya: a ɗauki giram ɗin iskar da ke shiga a daƙiƙa, a ninka da 60, a raba da juyin inji a minti. Injin lita 2 yana zuƙar lita 1 a kowane juyi, domin sai ya juya sau biyu dukan silindojinsa ke cika sau ɗaya. Ke nan cikarsa ba tare da turbo ba ita ce kusan giram 1.18 a juyi. Idan yana juyi 5,000 a minti, kuma ma'auni ya nuna giram 167 a daƙiƙa, lodinsa giram 2 ne a juyi, watau kusan kashi 170 cikin ɗari. Masu gyara suna da ƙiyasin cewa a injin isansi kowane giram na iska a daƙiƙa yana ba da doki 1 da kwata ko ɗan fiye, don haka wannan inji yana kewayen doki 210. Da wannan ɗan lissafi mai mota zai iya gwada alƙawarin da aka yi masa.

Matsi ɗaya, lodi uku

Dalilin da ya sa matsi da lodi ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa shi ne zafi. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, kuma iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi. Shi ya sa ake sanya masanyayin iska, wani abu mai kama da radiyater, tsakanin turbo da inji. Bari mu yi misali da lissafi. Mu ɗauka turbo yana ninka matsin iskar duniya sau biyu, watau allura tana kan 1, ingancinsa kashi 70 cikin ɗari, kuma masanyayin yana cire kashi 70 na zafin da aka ƙara.

Da asubahin watan Janairu, lokacin da hunturu ya saukar da zafi zuwa digiri 15, iska za ta fito daga turbo da zafin digiri 105, masanyayi ya mayar da ita 42. Kowace lita tana da nauyin giram 2.24, lodi ya kai kashi 189. Da azahar ɗin watan Afrilu, zafi na digiri 40, za ta fito da 138, ta shiga inji da 69. Nauyin lita ya koma giram 2.06, lodi kashi 174. Idan kuma masanyayin ya daina aikinsa, ko don laka da ciyawa sun toshe shi, ko don mota na fama cikin rairayi a hankali babu iskar da ke ratsa shi, lissafin na iya gangarowa har giram 1.72, lodi kashi 145. A dukan halayen nan uku allura ba ta motsa daga kan 1 ba, amma tsakanin na farko da na ƙarshe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ya ɓace.

Ba zafi kaɗai ke raba su ba. Matsi yana tashi ne idan iska ta sami abin da ya tare ta. Injin da bututun hayaƙinsa ya toshe yana iya nuna matsi mai yawa alhali iskar da ke ratsa shi kaɗan ce. Wanda aka buɗe masa hanyar hayaƙi ko aka sa masa turbo mafi girma yana iya shan iska fiye da da, allura kuwa tana nan inda take. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan ne ya sa masu ƙera motoci suka daina ɗaukar matsi a matsayin abin da ake nema. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, kwamfutoci irin su ME7 na kamfanin Bosch, waɗanda aka sa a motocin Volkswagen da Audi, suna aiki ne ta wata hanya: direba ya taka totur, kwamfuta ta fassara takun zuwa ƙarfin da yake so, ta lissafa lodin da zai ba da wannan ƙarfi, sa'an nan ta nemi matsin da zai kawo lodin. A irin wannan mota allura na iya hawa sama kaɗan a bazara, ta sauko a hunturu, ba tare da wani abu ya lalace ba. Ko a tseren Formula 1 an bi wannan hanya. A 1987 an ƙayyade matsi a bar 4, a 1988 aka rage shi zuwa 2.5, a 1989 aka hana turbo gaba ɗaya. Da aka dawo da shi a 2014, nauyin mai aka ƙayyade, kilo 100 a awa.

Inda haɗarin yake a injin isansi

A cikin kwamfutar mota akwai jadawaloli masu layi da shafi: juyin inji a gefe ɗaya, lodi a ɗaya gefen. Daga cikinsu take duba yawan man da za ta fesa da lokacin da buji zai yi tartsatsi. Idan lodi ya ƙaru sai ta jinkirta tartsatsin, ta kuma ƙara mai fiye da rabon 14.7, har zuwa kewayen 11 ko 12, domin ƙarin man yana sanyaya cikin silinda. Kamfani ya rubuta jadawalin ne zuwa wani lodi da ya san inji zai kai. Idan aka ƙara matsi har lodi ya wuce shafin ƙarshe ba tare da an faɗaɗa jadawalin ba, kwamfuta za ta ci gaba da amfani da adadin shafin ƙarshe, watau tartsatsin da aka shirya wa ƙaramin lodi a kan babban lodi, ko kuma ta yanke mai baki ɗaya don kare kanta.

Sakamakon shi ne ƙwanƙwasa. Maimakon mai ya ƙone a jere daga bakin buji, sai ragowarsa ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, ya bugi kan fistan kamar guduma. Idan abin ya daɗe yana fasa gefen fistan, ya ƙone shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ko ya cinye ƙarafan da sandar fistan ke juyawa a kansu. Motocin zamani suna da ma'aunin da ke sauraron wannan ƙara. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya fitar da tsarin APC a 1982, wanda ke rage matsi da zarar ya ji ƙwanƙwasa. Na'urar bincike mai kyau tana nuna digiri nawa kwamfuta ke janye tartsatsi. Idan tana janyewa da yawa a kai a kai, inji yana kare kansa ne daga saitin da aka yi masa.

Abu uku ke kusantar da ƙwanƙwasa: yawan lodi, zafin iska, da raunin mai. A ƙasarmu na biyu da na uku ba baƙi ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a Tawa, Maraɗi da Yamai, kuma wanda ke sayen mai a kwalba a bakin hanya ba shi da hanyar sanin ingancinsa. Saitin da aka rubuta a Turai domin mai mai inganci da iska mai sanyi, aka kwafo shi ta intanet aka zuba wa motar da za ta bi hanyar Ƙonni zuwa Damagaram da tsakar rana, bai san da wannan ba. Wajibi ne kuma a lura haɗarin fuska biyu gare shi. Motar da aka saita a hunturu har bakin iyaka za ta gamu da zafi a bazara. Wadda aka ɗaure wa matsi ɗaya a bazara kuma za ta sha iska fiye da yadda aka gwada idan sanyi ya shigo, mai yiwuwa har bututan fesa mai su kasa biyan buƙata.

Ƙananan injinan isansi masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da wata cuta ta dabam: mai ya kama wuta tun kafin buji ya yi tartsatsi, musamman idan juyi ya yi ƙasa lodi kuma ya yi sama. Saboda ita aka fitar da sababbin darajojin man inji, API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Mai irin wannan mota ya nemi ɗaya daga cikinsu a jikin galan, kuma idan zai wuce babbar mota ya sauko da bitesi, kada ya danne totur a bitesi na sama inji na juyi a hankali.

Injin gazuwal da zafin hayaƙi

A injin gazuwal lissafin ya ɗan bambanta. Shi kullum da rarar iska yake aiki, kuma yawan man da aka fesa ne ke yanke ƙarfinsa. Ƙara matsi kaɗai ba ya ƙara ƙarfi sosai, don haka mai saiti mai yake ƙarawa. Idan man ya yi wa iskar yawa, sai baƙin hayaƙi ya fito, zafin cikin silinda da na hayaƙi su hau. Wasu direbobi suna ɗaukar baƙin hayaƙi alamar ƙarfi, alhali kuɗi ne ke fita ba a ƙone su ba. Galibin fistan da alminiyam ake yin su, wanda ke narkewa a digiri 660. Fistan ba ya kai zafin hayaƙin da ke bisansa domin mai da ruwa suna sanyaya shi, amma rarar ba ta da yawa, shi ya sa masu gyara da yawa ba su yarda zafin hayaƙi kafin turbo ya daɗe sama da kewayen digiri 700 ba. Wanda aka ƙara wa motarsa mai, ma'aunin zafin hayaƙi ya fi masa amfani bisa allurar matsi.

Kamfanin Toyota ya ba da darasi a kan wannan a 1990, lokacin da ya fitar da injina biyu masu girma ɗaya domin Land Cruiser, kowanne lita 4.2 da silinda 6. Na farko, 1HZ, wanda direbobin hanyar Agadas suka sani sarai, ba shi da turbo, yana ba da doki kimanin 130. Na biyu, 1HD-T, yana da turbo, yana ba da kimanin 165. Amma kamfanin bai tsaya ga ɗaura turbo ba. A 1HZ fistan yana matse iska fiye da sau 22, ana kuma fesa mai a wani ƙaramin ɗaki na gefe. A 1HD-T an rage matsewar zuwa sau 18.6, aka koma fesa mai kai tsaye, aka canza fistan da kan inji. Wanda ya ɗaura wa 1HZ turbo a gareji, ya buɗe famfon mai, ya sani yana neman ƙarfin inji na biyu ne da jikin na farko.

Idan adadin biyu suka saɓa

Karanta matsi da lodi tare yana tona cututtukan da kowanne shi kaɗai zai ɓoye. Idan lodi ya yi sama, matsi ya yi ƙasa, mota na hayaƙi tana shan mai, a nemi ɓula ko sakin ɗauri a bututun da ke tsakanin turbo da inji, domin an ƙirga iskar amma ta zube a hanya. Idan matsi ya cika lodi kuwa ya gaza, a duba zafin iskar shiga, a duba ko hanyar hayaƙi ta toshe, sa'an nan a duba ma'aunin iska. Wannan ma'auni siririyar waya ce ko ɗan faifai mai ɗumi da iska ke sanyayawa, kuma ƙurar hunturu ko maiƙo na iya rufe shi ya riƙa ƙirga ƙasa da gaskiya. A injin isansi wannan mugun hali ne, domin kwamfuta za ta ɗauka lodi kaɗan ne, ta rage mai, ta gaggauta tartsatsi, a daidai lokacin da inji ke buƙatar akasin haka. Matatar iska da ta cika da ƙura ita ma tana tilasta wa turbo ƙarin gudu kafin ya kai matsin da aka umarce shi, iskar ta ƙara zafi, turbo ya tsufa da wuri.

Kafin a biya kuɗi

Ba a ce duk wani saiti ɓarna ne ba. Kamfanoni suna barin rara a injinansu, kuma ƙwararre na iya cin wani ɓangare nata lafiya. Amma rarar nan ita ce aka tanadar wa zafi, da ƙura, da mai maras kyau, da kaya fiye da ƙima, abubuwan da motocinmu ke gamuwa da su kullum. Don haka ga abin da ya kamata mai mota ya nema. Na ɗaya, a tabbatar mota lafiya take kafin a taɓa ta: matata, buji, bututai, masanyayi da ma'aunai. Na biyu, a ajiye masa kwafin umarnin asali domin a iya mayarwa. Na uku, a yi gwaji a kan hanya kafin aiki da bayansa, a rubuta juyi, matsi, lodi, zafin iskar shiga, janyewar tartsatsi ko zafin hayaƙi, a nuna masa. Na huɗu, gwajin ya kasance da tsakar rana, da irin man da ya saba sha, da irin kayan da ya saba ɗauka. Na biyar, idan mota na cikin garantin kamfani, ya sani canza umarnin na iya soke shi. Bayan doguwar tafiya kuma a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana juyi a tsaye kafin a kashe, domin mai ya sanyaya sandar turbo.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, da kansa ma zai buɗe kwamfuta ya nuna. Wanda kuwa ba shi da amsa sai nuni da allura, gara a ɗauki makulli a yi masa sallama, domin rigakafi ya fi magani. Allah shi kiyaye hanya, shi sa albarka a cikin abin hawa.